Katin bashi a Amurka: ana biya duk wata, me ya hana bashin motsi?

Malam Habu, mai kula da zaure:
Assalamu alaikum jama'a. Tambayar nan ta shigo ta bayan fage fiye da sau ɗaya, masu ita kuma sun ce a sakaya sunansu, to ga ta a dunƙule. Magidanci ne a nan Amurka, ana binsa dala 6,000 a katin bashi, ruwan katin kashi 24 cikin ɗari a shekara. Bai taɓa tsallake wata ba, kullum yana tura mafi ƙarancin abin da banki ya rubuta masa. Amma in takardar wata ta zo, sai ya ga bashin yana nan kamar an dasa shi. Ina kuɗin ke zuwa, kuma ta ina ake fita? Lissafi muke so, ban da gori. Bashi hanji ne, yana cikin kowa.

Hajiya Rabi:
Wa alaikumus salam. Kuɗin ba ɓata suke yi ba, Malam Habu. Banki ba ya jiran ƙarshen shekara, kullum yake lissafa ruwa. In ka raba kashi 24 ɗin nan gida 365, a kan dala 6,000 zai ba ka kusan dala 4 kowace rana, wato wajen 120 a wata. Shi kuma mafi ƙarancin biya, bankuna da yawa haka suke fitar da shi: ruwan watan, a ɗora masa kashi 1 cikin ɗari na uwar bashin. Ka ga 120 da 60, dala 180 ke nan. Mutum ya tura 180 yana jin ya sauke nauyi, alhali 60 ce kaɗai ta taɓa bashin. In a watan ya sha man dala 60 da katin, ya koma inda ya taso.

Inda tarkon yake, adadin raguwa yake yi tare da bashin. Wata mai zuwa za su ce 178, bayan shekara ya sauko wajen 160, mutum na murna an sassauta masa. In ya bi su a haka har adadin ya tsaya a kan dala 35, ko da bai ƙara sayen tsinke da katin ba, sai ya yi wajen shekara 18 yana biya, ruwa kaɗai ya haura dala 10,000.

Yanzu ku dubi wannan. In ya kafe a kan 180 ɗin farko, bai bi su sun rage masa ba, wata 56 ya gama, ruwa wajen 4,000. In ya mai da ita 300, wata 26 ne, ruwa bai kai 1,800 ba.

Sani Direba:
Hajiya, shekara 18 fa kika ce. Anya babu sifili da ya kuɓuce?

Hajiya Rabi:
Babu, Sani. Kuma ba sai ka yarda da ni ba. Tun da aka yi dokar katin bashi ta 2009, dole ne banki ya buga wani ɗan akwati a takardar wata, mai nuna shekarun da za ka yi in mafi ƙaranci kake biya, da kuma abin da za ka riƙa biya in kana son gamawa cikin wata 36. A misalinmu wajen dala 235 ne. Kowa ya buɗe takardarsa yau ya nemi akwatin nan. Yawancinmu ranar biya kawai muke dubawa mu rufe.

Alhaji Garba:
Madalla da bayani. Akwai abu ɗaya da ya kamata a fahimta kafin a kai ga dabarun biya, wato kwanakin sassauci. Wanda yake biyan duk abin da ke takardarsa kafin ranar da aka sa masa, ba a ɗora masa ruwa a kan sayayya, kuma doka ta ce a ba shi aƙalla kwana 21 tsakanin fitar takarda da ranar biya. Amma da zarar ka bar saura, ko da dala 50 ce, sassaucin ya tafi. Daga nan duk abin da ka saya, ruwa na hawansa tun daga ranar da ka goga katin. Buhun shinkafar da ka ɗauko yau, yau ya fara haihuwa.

Don haka matakin farko ba biya ba ne, rufe famfo ne. A cire katin daga aljihu, a goge lambarsa daga waya da Amazon da Uber da duk inda aka ajiye ta, a mai da kuɗin waya da inshorar mota kan asusun albashi. Ba cewa na yi a rufe asusun katin a banki ba, wannan magana ce daban.

Wani abin da ke ruɗa mutane: ka biya komai tas, wata mai zuwa ka ga an rubuto dala 20 ko 30. Ba zamba ba ce, ruwan kwanakin da suka shige ne tsakanin fitar takarda da ranar da kuɗinka ya isa. A biya shi. In aka ƙyale don ana ganin an gama, shi ne yake zama makara.

Anti Binta:
Ku bari in taɓo inda ke mana ƙaiƙayi, tunda kowa na kewaye shi. Da yawa daga bashin mutanenmu ba na kayan ƙawa ba ne, na gida ne. An kira daga Kano ko Maraɗi ko Kumasi, ga asibiti, ga kayan ɗakin ƙanwa, ga ragon layya, albashi bai shigo ba, sai a tura da katin bashi. To bankuna da yawa ba sa ɗaukar tura kuɗi a matsayin sayayya, suna lissafa shi kamar ka ciri tsabar kuɗi ne. Hukuncinsa uku: ana cire kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari nan take, ruwansa ya fi na sayayya tsada, sau da yawa wajen kashi 30, sannan ba shi da sassauci ko na kwana ɗaya. Ka tura dala 1,000, an ɗora 50, ruwan wata ɗaya wajen 25. Dala 75 ta tafi kafin a zo ga ladan kamfanin da ya tura da abin da suka ci a canji.

Kuma 180 ɗin nan da kake biya, banki na da ikon zuba ta a ɓangaren da ruwansa ya fi araha. Abin da ya haura mafi ƙaranci ne doka ta tilasta a kai shi ɓangare mai tsadar ruwa. Wanda bai taɓa haurawa ba, kuɗin nan da ya tura gida suna nan suna ta haihuwa a kashi 30.

Maganin ba daina taimako ba ne. A yanka adadi a wata, a faɗa wa gida, a fitar daga albashi. Na gaggawa kuma a buɗe masa asusu dabam.

Sani Direba:
Anti, faɗa da baki. Wa zai iya ce wa tsohuwa babu?

Anti Binta:
Ba wanda ya ce ka ce mata babu. Ita tsohuwa in ta san da bashin ruwa ake aiko mata, ita za ta fara hanawa. Masu matsawar galibi ba ita ba ce, kai ma ka sani.

Injiniya Bashir:
Mu koma kan mai katuna da yawa, don shi ya fi yawa. A ɗauki takarda a rubuta kowane kati: abin da ake bi, ruwansa, mafi ƙarancinsa, ranar biyansa. Misali na farko dala 900 a kashi 19, na biyu 3,200 a kashi 29, na uku 5,500 a kashi 22. A sa wa kowanne umarnin cire mafi ƙaranci kai tsaye daga asusu don kada a makara. Duk abin da ya yi rara a jibga shi kan na biyun, mai kashi 29, domin kowace dala 100 da ta zauna a kansa tana cin dala 29 a shekara. In ya mutu, a kwashe duk abin da ake ba shi a ƙara wa na ukun. Jimillar abin da kake fitarwa a wata kada ta ragu har ƙarshe. Wannan ita ce hanyar da ta fi araha, ba ta da gardama.

Hajiya Rabi:
Tana da gardama, Injiniya. A takarda ka fi gaskiya, amma mutum ba na'urar lissafi ba ce. Mai rarar dala 200 a wata zai yi fiye da shekara yana dukan katin 3,200 bai ga ko ɗaya ya rufe ba, da yawa a nan suke sarewa. Na 900 kuwa wata huɗu zuwa biyar ya kau, an rage ranar biya ɗaya da za a iya mantawa. A misalinka, abin da zai yi asara don ya fara da ƙaramin bai wuce 'yan gomomin daloli ba, tunda wata biyar kawai ya jinkirta.

Injiniya Bashir:
A wannan misalin na yarda, saboda ƙaramin ƙarami ne ƙwarai. Amma in ƙaramin 3,000 ne a kashi 12, babban kuma 8,000 a kashi 29, Hajiya, ba zan ba kowa shawarar ya sayi kwanciyar rai da wannan tsadar ba.

Hajiya Rabi:
A nan ba mu saɓa ba.

Musa Ɗan Agadas:
To tayin nan da ke zuwa a akwatin wasiƙa fa, wai ka kwaso bashinka zuwa sabon kati babu ruwa na wata 18?

Alhaji Garba:
Yana aiki, Musa, ga wanda ya riga ya rufe famfo. Ga lissafin. Suna cire kashi 3 zuwa 5 na abin da ka kwaso. Dala 6,000 a kashi 3 ta zama 6,180. Raba gida 18, dala 344 ke nan duk wata. In za ka iya, ka tsira da fiye da dala 1,200 da ruwa zai ci in da a tsohon katin ka riƙa biyan wannan adadin. In ba za ka iya ba, abin da ya rage bayan wata 18 zai koma ruwa mai tsada.

Inda ake faɗawa rami: ba a ba da tayin sai mai maki mai kyau, wato makin da ake auna tarihin biyan bashin mutum da shi, kuma iyakar da za su ba ka ba lallai ta ɗauke bashin duka ba. Ba a kwasowa tsakanin katuna biyu na banki ɗaya. Kwasowar kan ɗauki kwanaki har mako biyu ko fiye, a ci gaba da biyan tsohon har a ga ya koma sifili. Kada a yi sayayya da sabon. Mafi muni kuma, tsohon kati ya koma fanko, mutum ya ga fili, bayan shekara ga bashi biyu. An gudu ba a tsira ba.

Anti Binta:
A kuma bambance shi da na shagunan kujeru da katifa da na likitan haƙori, masu cewa babu ruwa in ka biya cikin wata 12. Kalmar "in" ɗin nan ita ce wuƙar. Su lissafa ruwan suke yi a ɓoye tun ranar farko, suna ajiyewa. Ka ɗauki kujerun dala 2,400, kana biyan 190 a wata, wa'adi ya cika saura 120 kacal. Sai su sauke maka ruwan shekarar gaba ɗaya, wajen dala 400 in ruwan kashi 30 ne. Ka raba kuɗin gida 11, ba 12 ba, ka gama da wata guda a hannu.

Malam Nuhu:
Na bar masu lissafi sun gama ne tukun. Abin da kuke kira ruwa sunansa riba, kuma babu saɓani a kan haramcinsa. Saɓanin yana kan riƙe katin ga wanda yake biya duka kafin ruwa ya hau. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a 2000, ta ce bai halatta ba matuƙar akwai sharaɗin ruwa a yarjejeniyar, ko da mutum ya ƙudurta biya cikin kwanakin sassauci. Wasu malaman da ke zaune a ƙasashen nan sun yi rangwame saboda buƙata, da sharaɗin kada a bari ko sisi ya hau. Ko wanne ka bi, babu wanda ya halatta zaman shekara 18 ana ciyar da riba. Wanda ya riga ya shiga, ya tuba ya gaggauta fita, kuma jinkirta biya ba tsoron Allah ba ne, ƙara wa ribar jiki ne.

Abu biyu kuma. Waɗanda bashi ya danne suna cikin mutum takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ba zakka, kwamitocin masallatai su tuna da wannan. Sannan adashe: mutum goma, dala 300 kowanne, kwasa ɗaya 3,000 ce babu ruwa. A ba mai katin kashi 29 kwasar farko.

Injiniya Bashir:
Allah ya gafarta Malam, adashe magani ne, amma a yi lissafi. Wanda ya kwashi farko ya ɗauki alkawarin 300 na wata tara ke nan, ga mafi ƙarancin sauran katunan. In aljihunsa ba zai ɗauka ba, ya mai da bashin banki bashin 'yan'uwa, wanda ya fi ɓata zumunci.

Sannan ga dalilin da ya sa Alhaji ya ce kada a yi saurin rufe asusu. Makin FICO, wanda bankuna ke dubawa kafin su ba da bashi, daga 300 ne zuwa 850. Kashi 35 nasa biya a kan lokaci ne, kashi 30 yawan abin da ake binka, musamman in an gwada shi da iyakar katunanka, kashi 15 kuma daɗewar tarihinka. Mai iyakar 10,000 da ake bi 3,000 yana kan kashi 30. Ya rufe kati fanko mai iyakar 5,000, ya koma kashi 60 bai ci ko sisi ba. Mai gidan haya na duba makin nan, masu ba da mota ma haka. Amma ƙarya ce da ake yaɗawa wai sai ka bar saura ana ɗora maka ruwa makinka zai hau. Mai biya duka duk wata makinsa na hawa lafiya lau.

Malam Nuhu:
To wanda ya san hannunsa ba ya tsayawa fa?

Injiniya Bashir:
Shi ya rufe, Malam. Maki na farfaɗowa.

Barista Hadiza:
Duk maganar nan ta wanda yake iya biya ce. Ga wanda aiki ya tsaya masa, ga yadda abin ke tafiya. Makarar kwana ɗaya tarar kuɗi ce kawai, kuma in karon farko ne a kira, sau da yawa suna yafewa. A kwana 30 suke kai rahoto Equifax da Experian da TransUnion, kamfanonin da ke ajiye tarihin bashin mutane, tabon ya zauna shekara 7. A kwana 60 suna iya ɗaga ruwan tsohon bashin zuwa na horo, sai ka biya wata shida a jere a kan lokaci su mayar. Wajen kwana 180 banki ya rubuta shi a asara, ya miƙa ko ya sayar wa masu karɓar bashi. Ba yafewa aka yi ba.

Don haka a kira banki kafin kwana 30, a ce ana neman shirinsu na masu matsi. Sukan rage ruwa na wasu watanni, wani lokacin su dakatar da katin. In katunan sun yi yawa, a nemi ofishin ba da shawara da ba na neman riba ba, irin waɗanda ke ƙarƙashin NFCC, ƙungiyar da ta haɗa irin waɗannan ofisoshi a Amurka. Su ke daidaitawa da bankuna a sauke ruwan, ka riƙa biya wuri ɗaya shekara 3 zuwa 5, a rufe katunan. Uwar bashin duka za ka biya.

Waɗannan dabam suke da kamfanonin da ke talla a rediyo wai za su rage maka rabi. Su cewa za su yi ka daina biyan banki ka riƙa tara musu. Kana tarawa tara da ruwa na hawa, makinka na zubewa, banki kuma na iya kai ka kotu. Ladansu kashi 15 zuwa 25 ne. Sannan in aka yafe maka dala 600 ko fiye, takardar haraji mai suna 1099-C za ta zo, hukumar haraji na ɗaukar abin da aka yafe kamar kuɗin shiga, sai dai in ka nuna bashinka ya fi dukiyarka a lokacin. Sulhun nan kai ma kana iya yinsa da bakinka, amma kada ka tura ko dala sai yarjejeniya ta zo a rubuce.

Musa Ɗan Agadas:
Barista, in masu karɓar bashi sun dami mutum da kira fa? Wasu har cewa suke za a kama shi ko a taɓa takardunsa na zama.

Barista Hadiza:
Ba a ɗaure mutum don ya kasa biyan katin bashi, kuma barazanar kamu ta ƙarya laifi ce a kansu a dokar tarayya ta 1977. Ba su da ikon kira kafin 8 na safe ko bayan 9 na dare. Kana da kwana 30 daga takardarsu ta farko ka rubuta musu cewa su kawo hujjar bashin. Kada ka yi saurin tura "ɗan wani abu" a kan tsohon bashi: kowace jiha na da wa'adin da in ya wuce ba a iya kai ƙara, a Niyok shekara 3 ne tun 2022, kuma a wasu jihohin biyan dala 10 na tayar da wa'adin daga farko.

Abin da ba a wasa da shi shi ne sammacin kotu. Yawanci kwana 20 zuwa 30 ake bayarwa a mai da amsa. Wanda ya jefa shi a kwandon shara, a bayansa za a yanke hukunci, daga nan a iya cire har kashi 25 na albashinsa bayan haraji, ko a riƙe asusunsa. Teksas da Fensilbaniya da Karolina biyun ba sa barin a taɓa albashi a kan irin wannan bashin, amma wannan bai kare kuɗin da ke zaune a banki ba. In abin ya fi ƙarfin duk wannan, akwai ayyana karayar arziki: Babi na 7 na dokarta yana share bashin kati, ya zauna a tarihinka shekara 10, Babi na 13 kuma tsarin biya ne na shekara 3 zuwa 5. Wannan sai da lauya.

Maman Ilham:
Mu na Ingila a ƙara da namu. Tun 2018 dokar FCA, hukumar da ke sa ido kan harkokin kuɗi a Birtaniya, ta ce in cikin wata 18 abin da ka biya na ruwa da tara ya fi abin da ka rage na uwar bashi, dole banki ya rubuto maka, a wata 36 kuma ya kawo tsarin gamawa. Kada a yar da wasiƙar. StepChange da National Debtline, masu taimaka wa waɗanda bashi ya danne, kyauta suke ba da shawara, kuma ta hannun irinsu ake samun hutun kwana 60 da ake tsayar da ruwa da matsin masu bin bashi a Ingila da Wales. Tabo a nan shekara 6 yake yi.

Tambayata ga Barista: matar da mijinta ya karɓar mata kati a kan asusunsa, in ya kasa biya ko ya rasu, ita za a bi?

Barista Hadiza:
A Amurka, Maman Ilham, a duba yadda aka sa sunanta. In izinin amfani kawai aka ba ta, bashin na mai asusun ne, sai dai makararsa na iya fitowa a tarihinta, kuma tana iya kira a cire ta. In tare suka sa hannu suka buɗe, kowannensu ana binsa duka, ba rabi ba. Jihohi tara, ciki har da Kalifoniya da Teksas, suna ɗaukar bashin da aka ci cikin aure a matsayin na ma'aurata biyun, can sai an tambayi lauyan jihar. In rasuwa ce, daga dukiyar mamaci ake biya kafin magada su karɓa, ba daga aljihun 'ya'ya ba. Kuma daga ranar rasuwar ta daina goga katin, ko na cefanen zaman makoki ne.

Malam Nuhu:
Wannan ya dace da namu, bashi kafin gado. Sai dai ba a biyan abin da ba a sani ba. Magidanta su rubuta katunansu da abin da ake binsu, su nuna wa iyali inda takardar take.

Sani Direba:
Na buɗe takardar watan, na ga akwatin da Hajiya ta faɗa. A ƙasan shafin farko yake, da ƙananan haruffa. Wanda yake dubawa a waya ba zai gan shi a fuskar manhajar ba, sai ya sauke takardar kanta.